Me ya sa Asabar ta fi Lahadi zafi a Monako?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa masu kallon tseren motoci na Formula 1 ke cewa tseren Monako tun ranar Asabar ake gama shi, alhali ranar Lahadi ake yin sa. Ai laifin titin ne. Kilomita 3.337 ne kacal, a tsakiyar gari, shinge hagu shinge dama, ga motocin faɗinsu kusan mita 2. Ta ina za ka wuce mutum? Wanda ya fi kowa sauri a fafatawar neman gurbi ranar Asabar shi ke tashi na ɗaya ranar Lahadi, wuƙa da nama na hannunsa.

Tuna 2018. Ricciardo ya tashi na ɗaya, motarsa ta samu matsala, ƙarfinta ya ragu sosai, Vettel ya manne masa kamar kaska, amma har aka kaɗa tutar ƙarshen tsere bai samu kafar shiga ba. Na 2024 ma ya fi: aka yi hatsari a zagayen farko, aka ɗaga jar tuta aka dakatar da tseren, kowa ya sauya taya a ɓagas ba tare da ya rasa matsayinsa ba, goman farko suka ƙare yadda suka tashi, Leclerc ɗan Monako ya ci a gida. Ni kam ranar har gyangyaɗi na yi.

Shi ya sa a 2025 aka tilasta sauya taya sau biyu. Bai tsinana komai ba, sai ma wasu direbobi suka riƙa jan ƙafa da gangan don buɗa wa abokin ƙungiyarsu tazara. Norris ya tashi na ɗaya, ya ƙare na ɗaya.

In lokacinka kaɗan ne, kalli zangon ƙarshe na fafatawar neman gurbi ta Asabar, inda mutum goma ke gogar shinge da taya.