Kun Tambaya, Mun Amsa: Faɗuwar Bagadaza da Hanyar da Ta Bi da Mu ta Alƙahira

Assalamu alaikum. Malam, a wurin wani wa'azi na ji an ce lokacin da Tatar suka ci Bagadaza sun zuba littattafai a kogin Dijla har ruwan ya koma baƙi da tawada, kuma wai daga ranar ne ilmin Musulmi ya durƙushe. Shin haka abin yake? Kuma me ya kawo su tun da fari? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Wa'alaikumus salam. Waɗanda littattafan Larabci ke kira Tatar su ne Mongolawa, makiyayan dawaki da tumaki na filayen arewacin ƙasar Sin, waɗanda wani jarumi mai suna Temujin ya haɗa kan ƙabilunsu, aka yi masa laƙabi da Jangiz Khan a shekarar 1206. Fitinarsu da ƙasashen Musulmi ta samo asali ne daga wani ayarin fatake. A 1218 Jangiz Khan ya aika ayari na kimanin mutum 450, galibinsu ma Musulmi, zuwa ƙasar Sarkin Khawarizmi Ala'uddin Muhammad a tsakiyar Asiya. Da suka isa garin Otrar sai hakimin garin ya tuhume su da leƙen asiri, ya sa aka kashe su, ya kwashe dukiyarsu. Jangiz Khan ya tura manzanni uku yana neman a miƙa masa hakimin, sarkin kuwa ya kashe ɗaya, ya aske wa biyun gemu, ya kora su. A wurin Mongolawa babu laifin da ya kai taɓa ɗan aike, saboda haka a 1219 suka ɗauro sirdi. Bukhara da Samarƙandi da Tirmiz suka faɗi a 1220, Marwa da Naisaburi suka biyo baya a 1221. Kai da kake karatun hadisi ba sai an gaya maka nauyin waɗannan sunaye ba, domin garuruwan Bukhari da Tirmizi da Muslim ne.

Bagadaza ta sami jinkirin shekara kusan arba'in kafin jikan Jangiz Khan, wato Hulaku, ya iso ta. Ya fara da rushe sansanin Isma'iliyawa na Alamut a 1256, sa'an nan ya rubuta wa Halifa Musta'asim yana neman ya miƙa wuya. Halifan ya mayar da amsa mai zafi, alhali ba shi da rundunar da za ta tsaya wa amsar. A ƙarshen Janairun 1258 aka kewaye birnin, ƙwararrun maharba daga Sin suna ta rugurguza ganuwa da manjaniƙi, wato na'urar harba manyan duwatsu, kuma a ranar 10 ga Fabrairu, cikin watan Safar na 656 bayan hijira, halifan ya fita ya miƙa kansa. Ruwayar da ta fi shahara ita ce an naɗe shi a cikin darduma aka sa dawaki suka tattake shi, saboda al'adar Mongolawa ta ƙin zubar da jinin sarauta a ƙasa. An sha ɗora wa wazirinsa Ibnul Alƙami laifin cin amana, amma ni a ganina rundunar da ta ci Naisaburi da Alamut ba ta buƙatar wani ya buɗe mata ƙofa, ballantana ma har Sarkin Mausil Badruddin Lu'ulu'u, wanda Musulmi ne, ya ba Hulaku gudunmawa a wannan yaƙi.

Game da yawan mamata, malaman tarihi na baya irin su Ibn Kasir sun kawo adadi daga dubu 800 har zuwa miliyan 2, shi kuwa Hulaku, a wasiƙar da ya aika wa Sarkin Faransa a 1262, ya yi alfahari da cewa ya kashe sama da dubu 200. Ko ƙaramin adadin aka ɗauka, masifa ce da take sa gashin jiki tashi.

Maganar tawada a kogi kuwa marubutan da suka zo daga baya ne suka yaɗa ta, kuma ta fi kama da salon bayyana girman asara fiye da rahoton wanda ya tsaya a bakin gaɓa ya gani da idonsa. An ƙona ɗakunan littattafai, an wawashe wasu, wannan babu musu. Sai dai malamin taurari Nasiruddin Ɗusi, wanda ke tare da Hulaku, ya kwashi littattafai masu yawa zuwa garin Maraga na ƙasar Iran, inda aka fara gina masa cibiyar nazarin taurari a 1259. Wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu da aka kama a Bagadaza, Ibnul Fuwaɗi, shi ya zama ma'ajin littattafan Maraga, daga baya kuma ya koma garinsu ya riƙe ɗakin littattafan makarantar Mustansiriyya. Ita wannan makaranta ba ta rushe ba, har ma Ibn Baɗuɗa ya tarar ana karantar da mazhabobi huɗu a cikinta da ya ziyarci birnin a 1327, kuma gininta yana tsaye har yau.

Inda na fi saɓa wa mai wa'azin shi ne cewa ilmi ya durƙushe. Imam Nawawi ya rasu a 1277, Ibn Malik mai Alfiyya ya rasu a 1274, dukkansu a ƙasar Sham, bayan faɗuwar Bagadaza. Ibn Taimiyya an haife shi a Harran a 1263, iyayensa suka gudu da shi Dimashƙa don tsoron Mongolawa yana ƙaramin yaro, da littattafansu a kan amalanke. Zahabi da Ibn Kasir da Ibn Hajar da Suyuɗi duk 'yan bayan wannan masifa ne. Abin da ya faru shi ne malamai sun yi ƙaura yamma, Dimashƙa da Alƙahira suka karɓi baƙuncinsu. Ikon halifa kansa ya daɗe da raguwa, tun da Buwaihawa, wani gidan sarauta na Iran, suka mamaye Bagadaza a 945, Turkawan Saljuƙawa kuma suka gaje su a 1055.

Malam, barka da aiki. Ɗalibaina na sakandare sun tambaye ni ko Mongolawa sun taɓa shiga Afirka, kuma wa ya taka musu birki. Na kuma karanta cewa daga baya sun musulunta. Ina neman ƙarin haske. Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Malama, ki gaya wa yaranki cewa kofaton dokin Mongolawa bai taka ƙasar Afirka da yaƙi ba, amma saura ƙiris. Halab ta faɗi a Janairun 1260, Dimashƙa ta miƙa wuya a Maris, mahayansu suka kai har Gaza, bakin iyakar Masar. Hulaku ya aika manzanni Alƙahira da wasiƙar barazana, Sultan Ƙuɗuz ya sa aka fille musu kai aka rataye a ƙofar Zuwaila, wadda har gobe masu ziyarar tsohuwar Alƙahira ke wucewa ta ƙarƙashinta. Ya yi wa kansa katangar da ba komawa baya ke nan.

Sa'a ta zo masa ta inda bai zata ba. Babban Khan Mongke, yayan Hulaku, ya mutu a Sin a 1259, rigimar gado ta kunno kai, Hulaku ya janye mafi yawan rundunarsa zuwa gabas, ya bar sarkin yaƙinsa Kitbuƙa da ɗan abin da ya rage. Masana suna ƙarawa da cewa ciyawar Sham da ruwanta ba za su iya riƙe garken dawakin da kowane mahayin Mongol ke korawa ba idan rani ya yi. A ranar 25 ga Ramadan 658, daidai da 3 ga Satumban 1260, aka gwabza a Ainu Jalut cikin Falasɗinu, aka kashe Kitbuƙa, rundunarsa ta watse.

Waɗanda suka ci wannan yaƙi su ne Mamalik, wato bayin da ake sayowa suna yara, a musuluntar da su, a hore su a kan doki da baka, sa'an nan a 'yanta su su zama sojojin sarki. Wanda ya san matsayin Shamaki da Ɗanrimi da Sallama a fadar Kano zai gane yadda bawan sarki ke iya fin ɗa ƙarfin faɗa a ji, sai dai su a Masar sun wuce nan, domin a 1250 sun karɓe gadon sarautar gaba ɗaya. Abin mamakin shi ne da yawansu Turkawan Ƙifjaƙ ne da hare-haren Mongolawa suka tarwatsa har suka faɗa hannun dillalan bayi. Baibars, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Ƙuɗuz, yana cikinsu, kuma shi ne ya jagoranci kashe Ƙuɗuz a hanyar komawa gida, makonni kaɗan bayan nasarar, ya hau mulki har 1277. Wannan ɓangaren labarin ba kasafai ake faɗinsa a kan mumbari ba.

Musuluntar Mongolawa gaskiya ce, amma kada a ɗauka da shahada aka ajiye takobi. Barka Khan, ɗan'uwan Hulaku da ke mulkin yankin kogin Volga, ya riga ya musulunta, ya ƙulla ƙawance da Baibars, ya kuma yaƙi Hulaku daga 1262. An ruwaito cewa ya yi fushi da kisan halifa, amma akwai kuma rigimar makiyayar Azarbaijan da kowannensu ke cewa tasa ce. A Iran, Gazan Khan ya musulunta a 1295 ya ɗauki sunan Mahmud, duk da haka ya far wa Sham a 1299, sojojinsa suka shiga Dimashƙa, har Ibn Taimiyya ya je gabansa cikin tawagar mutanen gari yana neman a bar talakawa. Mamalik sun sake karya su a Shaƙhab a 1303, kuma ba a yi sulhu na dindindin ba sai a 1323, tsakanin Abu Sa'id, Sarkin Mongolawan Iran, da Sultan Nasir Muhammad na Masar.

Malam, ina jin daɗin wannan shafi, amma me ya haɗa mu Hausawa da yaƙin da aka yi a Iraƙi shekara ɗari bakwai da suka wuce? Daga wani mai karatu a zangon Kumasi.

Ɗan'uwa, ka leƙa buhun littattafan malamin zaurenku, amsar tana ciki. Arba'una Hadisi na Nawawi da Alfiyyar Ibn Malik an rubuta su a Sham, Burda ta Busiri a Masar, Mukhtasar na Khalil, wanda duk alƙalin Malikiyya a ƙasarmu ke jingina da shi, a Alƙahira, haka ma Jalalaini da ake jan baƙinsa kowane watan azumi daga Sakkwato zuwa Damagaram. Marubutan nan duka sun rayu ne a inuwar daular Mamalik, kuma da Ainu Jalut ta juya ta wata fuska, ai da wuya a ce garuruwan da suka zauna suka yi rubutun za su kasance yadda suka kasance.

Hanyar hajjin mutanenmu ta dā ta Masar ta bi. Tun a shekarun 1240, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira, wadda aka sani da makarantar Ibn Rashiƙ. Mansa Musa na Mali ya sauka a birnin a 1324, shekara guda tak bayan sulhun da na ambata, kuma Sultan Nasir Muhammad ɗin nan ne ya karɓe shi. Masanin tarihi Al'umari, wanda ya bincika labarin shekara goma sha biyu bayan ziyarar, ya ce har lokacin darajar zinariya ba ta farfaɗo ba saboda yawan wadda baƙin suka zubar. A 1391 kuma Mai Usman ɗan Idris na Borno ya aika wa Sultan Barƙuƙ wasiƙa yana kukan cewa Larabawan Juzam suna kama Musulmin ƙasarsa, 'ya'ya ba bayi ba, suna sayarwa a kasuwannin Masar da Sham, kuma magatakardan fadar, Ƙalƙashandi, ya kwafe wasiƙar a littafinsa, shi ya sa ta iso mu.

Akwai kuma zancen halifanci. A 1261 Baibars ya kawo wani daga zuriyar Abbasiyawa da ya tsira, ya naɗa shi halifa a Alƙahira. Halifofin nan ba su da soja ba su da baitulmali, aikinsu sa albarka ga mai mulki, amma sarakunan nesa suna daraja takardarsu, kuma sun ɗore har Sultan Salim na Usmaniyya ya ci Masar a 1517. Suyuɗi ya ba da labarin wani sarkin Tukururu, sunan da Larabawa ke kiran ƙasashen Musulmin Afirka ta Yamma, da ya zo a 889 bayan hijira, wato 1484, ya nemi halifa ya tabbatar masa da sarautar ƙasarsa, kuma masu nazarin tarihin Borno suna ganin Mai Ali Gaji ne, wanda ya kafa Birnin Gazargamu. Askiya Muhammadu na Songhai ma ya dawo daga hajjinsa na 1496 zuwa 1497 da laƙabin halifan ƙasar Tukururu. Shi Suyuɗin, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan Tukururu yana jan kunnensu a kan adalci da tsayar da shari'a, kuma daga cikin waɗanda ya ambata da suna a cikinta akwai Muhammadu ɗan Sattafan, Sarkin Agadas, da Ibrahim, Sarkin Katsina.