Tunda akwai tsutsar da ke rayuwa a kan gas, malalar mai ba komai ba ce ke nan?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce ina karanta ilimin halittu a Samaru, aikina a kan halittu marasa ƙashin baya na matsattsarar gas ta ƙasan teku ne. Yayana da ke aikin mai a kudu ya ce wai ɓata lokaci nake, ƙasan teku hamada ce, 'yan tsutsotsin da ke can ma mai suke ci, malala ba ta yi musu komai. Hankalina ya tashi wallahi.

Amsa: 'Yata ki kwantar da hankalinki, aikinki na nan daram. Maganar yayan naki na ji ta har na gaji, kuma abin haushin shi ne akwai ɗan gutsuren gaskiya a ciki, da shi ake sayar da ƙaryar.

Ga gutsuren. A farkon shekarun 1980 aka fara ganin irin wannan matsattsara a gaɓar Fulorida cikin Tekun Meziko, zurfin mita 3,200 da wani abu, iskar mitan da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai suna tsattsafowa daga laka, ga halittu dam a kai. Tsutsar Lamellibrachia ba baki ba hanji, tana zaune cikin bututunta, jan kanta a waje, jelarta can cikin laka tana zuƙo wa bakteriyar jikinta iskar nan mai wari ta salfa, su kuma su dafa mata. Makankarin Bathymodiolus shi mitan yake tara wa nasa bakteriyar. Muna da irinsu kusa, a ramin Regab da ke gaɓar Kwango da gangaren tekun Neja Delta.

To a ina aka ce suna cin ɗanyen mai? Haba! Bakteriya ke aikin, su ma da awo, ɗis ɗis kamar randa mai zufa, shekara ɗaruruwa a haka. Malala kuwa ambaliya ce. Tsutsar nan tana kai shekara 250, wato wata da ke can yanzu ta girmi jihadin Shehu na 1804, girmanta a hankali kamar rimin cikin birni, in aka kashe dandazonta ba ke ba, ko jikokinki ba za su ga ya dawo ba. A 2010 da rijiyar mai ta Deepwater Horizon ta fashe a Tekun Meziko, kwana 87 tana aman mai, daga baya aka sauka da na'ura aka tarar da murjani, halittar teku mai rassa kamar bishiya, kilomita 11 daga wurin, wani baƙin dauɗa ya lulluɓe rassansa, namansa na saɓulewa. A tekun da ya yi suna da matsattsara fa ke nan. Amma mutum ya zauna a majalisa da shayi yana cewa teku na wanke kanta, takardun nazarin muhalli ma sai ki ga an taɓa ƙasan teku da layi biyu an wuce.

Batun hamada kuma, nan nake so ki tsaya a aikinki. Tsakiyar matsattsara kamar gonar masara take a Shika, cunkus amma iri kaɗan, don ba kowa ke jure gubar ba. Lakar da ke kewaye ita ce dajin, halittun tsilla tsilla kuma ƙanana, sai an tace da rariya a duba a madubin ƙara girma, amma ire-iren tsutsa da ƙananan dangin jatan lande da dodon koɗi sun fi na tsakiyar nesa. Yawan kai daban, yawan iri daban, ɗalibai kullum a nan suke faɗuwa. Gefen da biyun suka haɗu ki sa masa ido sosai, kaguwa da kifi nan suke shigowa kiwo, kuma in gas ɗin ya ƙafe dutsen da bakteriya suka bari shi murjani ke maƙalewa a kai.

Ki gaida min yayan naki, ki tura masa hoton murjanin nan na 2010.