Amsa: Alƙaluman tattalin arzikin mazauna gundumar Bronx

Ka tambayi inda za ka samu sahihan alƙaluma kan ayyuka da samun mazauna gundumar Bronx da ke birnin New York kafin ka koma can. Ka shiga shafin data.census.gov na Hukumar Ƙidayar Amurka, ka nemi jadawalin DP03, wanda yake nuna kuɗin shigar gidaje, yawan masu fama da talauci, sana'o'in jama'a, har da mintunan da ma'aikaci ke ɓatawa a hanya.

Sai dai kada adadin marasa aikin yi ya ruɗe ka, domin wanda ya nemi aiki cikin makonni 4 da suka wuce, ko wanda aka dakatar na ɗan lokaci yana jiran a mayar da shi bakin aiki, kaɗai ake ƙirgawa. Maƙwabcina da ya gaji da nema ya zauna a gida, wannan lissafi bai san da zamansa ba.