Amsa: yadda ake auna gas a tabon ƙasan teku

Malam, ka tambayi yadda injiniyoyi ke gano gas ɗin da ya maƙale cikin laka a ƙasan teku kafin su gina tashar jiragen ruwa. Mu nan Kano ba teku, amma zura sanda cikin tabon kududdufi ka ga kumfa na tasowa. Gas ne da ake kira iskar mitan (methane), daga ruɓaɓɓen ganye, kuma ita ce a can ma.

Jirgi ne ke fara aika sauti ƙasa, a haɗa hoton abin da ke cikin lakar daga sautin da ya dawo. Inda gas yake sautin ba ya ratsawa, sai hoton ya dushe. Daga nan a ciro laka cikin bututu a rufe gam, don da matsi ya ragu gas ɗin zai tsere kamar an buɗe kwalbar lemo, awo ya tashi a banza. A ganina nan wahalar take, ga tsada. Dalilin yin awon kuwa shi ne, lakar da ke da gas kan lotsa a ƙarƙashin nauyin gini, tushe ya zauna a karkace.