Sabuwar taya ko tokunbo: amsa ga wani ɗan kasuwa mai motar Sharon

Wani ɗan kasuwa da ke saro kayan masarufi a Kasuwar Singa ta Kano yana kaiwa kasuwannin ƙauye a ƙasar Jigawa ya aiko da tambaya. Ya ce motarsa ƙirar Sharon tana cin kusan kilomita 1,000 a mako, kuma tayoyin gaba suna suɗewa tun na baya da sauran ransu. Bakanike ya ba shi shawarar ya riƙa sauya wa tayoyin wuri, amma direbansa ya ce yin haka zai sa duka huɗun su mutu lokaci guda, kuɗi mai yawa ya taso masa a rana ɗaya, don haka gara a ci gaba da sayen tokunbo biyu-biyu. Yana son ya san wanne ya fi sauƙi ga jarinsa.

Alhaji, direbanka ya faɗi gaskiya a abu ɗaya: idan ana sauya wa tayoyi wuri, tare za su ƙare. Inda na saba da shi shi ne a wajen lissafi, domin yana duban kuɗin da ke fita daga aljihu ranar saye, alhali abin da kake saye a wurin mai taya shi ne yawan kilomitan da za ta kai ka kafin ta suɗe.

Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da zane mai zurfin kimanin milimita 8, kuma iyakar da aka amince a yi tafiya da ita a ƙasashe da yawa ita ce milimita 1.6. Ke nan abin da za ka ci a jikin sabuwa milimita 6.4 ne. Tokunbon da ta rage da milimita 4, wadda a ido za ka ce da sauranta sosai, milimita 2.4 kawai za ta ba ka, wato kashi uku cikin takwas na abin da sabuwa ke bayarwa. A ƙaddara sabuwa naira 80,000 ce. To, wannan tokunbon ba ta wuce naira 30,000 ba a gaskiyar darajarta, kuma duk abin da ka ɗora a kai asara ce, tun ba a sa kuɗin cirewa da ɗaurawa da za ka biya sau biyu ko uku ba, da yinin da mota za ta yi a bakin hanya ranar da kasuwa ke ci. Ka cire adadin da na kawo ka sa farashin da ake gaya maka yau, lissafin bai canza ba. Araha dai ba ta ado.

Na san abin da ya tura mutane ga tokunbo. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, tun daga nan akasarin tayoyin da muke hawa daga waje ake shigo da su, saboda haka da darajar naira ta faɗi bayan sauyin tsarin canji na Yunin 2023, farashinsu ya bi dala ya haye. Amma ka sani cewa tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigo da su Najeriya, don haka wadda ka gani a kasuwa ba ta da wani da zai tsaya maka idan ta fashe a kwana na uku.

Ga kuma shekaru. A gefen kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin a daina amfani da taya bayan shekara huɗu da ƙera ta, kuma ko da wasu kamfanonin suna ba da wa'adin da ya fi haka, zafin kwalta a watan Afrilu tsakanin Kano da Haɗeja, ga buhunan sukari da katan-katan na taliya a bayan mota, ya isa ya sa mutum ya bi ƙaramin wa'adin. Wannan dubawar ta shafi sabuwa ma, domin taya na iya tsufa a kan kanta a shago. Ka durƙusa da kanka ka karanta, ka sa yatsa ka bi gefenta ko akwai ƙananan tsage-tsage ko kumburi, ka kuma lura da zanen da ya yi kaifi fiye da kima, domin akwai masu sake yanka wa suɗaɗɗiyar taya zane su shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli.

Dalilin da tayoyinka na gaba ke saurin ƙarewa shi ne, a Sharon su ke jan motar, su ke juya ta, su kuma ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Ka sa a sauya musu wuri duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, wanda a tafiyarka ya kama kusan wata biyu, sai ka haɗa shi da ranar juyen baƙin mai don kada a manta. Na gaba su koma baya kowace a gefenta, na baya su zo gaba a gicciye, ta dama ta koma hagu. In akwai alamar kibiya a gefen tayar, ba a gicciya ta, gaba da baya kawai ake yi a gefe ɗaya. Amfanin shi ne ba za ka yar da taya wadda gefe ɗaya ya cinye alhali ɗayan na da rai ba.

Ranar da aka cire su, ka tsaya ka duba yadda suka ci, domin a nan motar ke gaya maka inda kuɗinka ke zurarewa. In gefe biyu sun cinye alhali tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan, kuma wannan ne ke sa taya ta yi zafi har ta fashe, ga ƙarin shan mai. Tsakiya kaɗai ta cinye, iska ta yi yawa. Gefe ɗaya ya suɗe, saitin ƙafa ne ya goce, kuma in ba a gyara ba sabuwar ma haka za ta tafi. Kada ka yarda da mai faci ya buga taya da ƙarfe ya ce ta yi. Adadin iskar na rubuce a wata 'yar takarda a jikin motar, galibi a ginshiƙin ƙofar direba ko cikin murfin tankin mai, da na mota wayam da na mota da lodi, kuma da safe ake gwadawa kafin taya ta ɗauki zafi. Idan dole ta sa ka sayi biyu kawai, sababbin su tafi baya, domin motar da bayanta ya zame ko tayar baya ta fashe da kaya a ciki ta fi wuyar riƙewa.

Saura damuwar direbanka ta kuɗi a dunƙule. A bisa misalinmu, taya huɗu naira 320,000 ne. A ƙaddara sun kai ka kilomita 40,000, wato mako 40 a tafiyarka; ke nan naira 8,000 a mako. Ka riƙa cire wannan daga cinikin kowane mako kafin ka kira sauran riba, ka sa shi a asusu dabam ko ka shiga adashin da kwasarka za ta faɗo kusa da lokacin, ka ɗan ƙara wani abu a kai saboda tashin farashi da kuma safaya. Sannan ka sa shi cikin kuɗin dakon da kake ɗora wa kowane katan, kamar yadda kake sa kuɗin mai. Ranar da aka ɗaura sababbin, ka rubuta kwanan wata da lambar kilomitan da ke kan mitar mota a littafin shago, domin ranar da suka ƙare ka samu adadinka na gaskiya ka maye gurbin nawa da shi.