Yaro man kaza: shin ma'anarsa yaro na mantuwa?

Wata malamar firamare daga Tudun Wada ta aiko da tambaya. Ta ce a gidansu duk lokacin da abin tashin hankali ya faru a gaban yara, rasuwa ko mutuwar aure ko faɗan iyaye, sai manya su ce a rabu da su, "yaro man kaza ne, gobe ya manta." Tana son sanin ko ma'anar karin maganar ke nan.

Malama, an yanke wa maganar wutsiya ne. Cikonta shi ne "in ya ji rana sai ya narke." Man kaza ba ya jure zafi, haka yaro ba ya jure wahala, don haka kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kada kuma a dogara da shi a inda ake bukatar juriya. Babu batun mantuwa a ciki ko kaɗan. Mai kafa hujja da ita don a ƙyale yaro da abin da ya gani ya juya ta ne baibai.

Karin maganar da ta dace da tambayarki ita ce "wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu." Ki lura, ba a ce ya tsaya ya tuna ranar da aka sare shi ba. Ƙafa ce ta riga tunani. Yawancin mutane ba sa iya ba da labarin abin da ya same su kafin shekara uku, wannan gaskiya ne, kuma daga nan manyanmu suka ɗauka cewa komai ya wuce. Amma labari daban, abin da jiki ya koya daban. Idan yaro ya tsorata, jikinsa na fitar da wani sinadari mai suna kotisol don ya shirya shi gudu ko kare kai. Na ɗan lokaci, amfani ne. Idan kuwa tsoron ya zama na kullum, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari, amigdala, sai ya saba da zaman ɗar-ɗar, shi kuma ɓangaren da ke adana sabon abin da aka koya, hifokamfus, ya raunana. Yaron da aka ɓoye a ƙarƙashin gado a rikicin Kaduna na watan Fabrairun 2000 yau magidanci ne, kuma ba abin mamaki ba ne in ƙarar fashewar taya ta sa shi gumi alhali ba ya iya kawo hoton ranar a ransa.

Wani bawan Allah daga Rigasa ya tambayi bambancin tsoro da fargaba da firgici. Malam, tsoro yana da abin da ake tsoro, ga kare ga ka. Fargaba ta abin da bai zo ba ce, gaba na faɗuwa tun ba a ga komai ba. Firgici kuwa bugu ne na farat ɗaya, kamar na wanda ya zabura daga barci. Wanda ya tashi a cikin ƙunci yakan girma da fargaba, ita ce kuma ta fi wuyar ganewa, domin in ka tambaye shi me yake tsoro ba shi da amsa.

Tambaya ta uku ta fi tsaya mini a rai. Wata baiwar Allah daga Unguwar Rimi ta ce ta tashi a hannun riƙo, cikin duka da gori, yanzu kuma mijinta na kiranta sarkin mantuwa: ta ɗora tukunya ta sha'afa, a gaya mata magana ta nemi a maimaita. Ta ce mantuwa ce ko kuwa?

'Yar'uwa, Hausa ta raba su. Mantuwa ita ce abu ya shiga sannan ya ɓace. Rafkanuwa, kalmar da muka fi ji a babin sallah, ita ce hankali ya tafi wani wuri a lokacin da ake abin, don haka bai ma shiga ba balle ya ɓace. Abin da kika kwatanta ya fi kama da rafkanuwa, kuma hankalin da ya saba gadin kansa tun yarinta yakan yi haka. Ba ke kaɗai ba ce. A Amurka, tsakanin 1995 da 1997, likitoci Vincent Felitti da Robert Anda sun bi tarihin mutane sama da 17,000, suna tambayar su game da duka, cin zarafi da rikicin gida da suka gani suna yara. Sakamakon da aka buga a 1998 ya nuna cewa waɗanda suka haɗu da nau'i huɗu ko fiye na irin wannan wahala sun ninka waɗanda ba su haɗu da ko ɗaya ba sau 4 zuwa 12 wajen faɗawa ciwon damuwa, shaye-shaye da yunƙurin kashe kai.

A ƙarshen wasiƙarki kin ce ko dai "hali zanen dutse" ne, ki haƙura. A nan ban yarda ba. An yi wannan karin magana ne kan ɗabi'ar da mutum ya ƙi bari, irin su rowa da ƙarya, kuma ko a can ma Bahaushe ya yi ƙari don jan kunne. Abin da ke damunki rauni ne da aka yi miki, rauni kuwa ana jinyarsa. A Romaniya, wani bincike da aka fara a 2000 kan yara 136 na gidajen marayu a Bukares ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai masu kula sun fi waɗanda aka bari ci gaban fahimta, musamman in an mayar da su kafin shekara biyu. Wannan ya gaskata "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," sai dai ƙwaƙwalwar babba ma tana ci gaba da koyo, shi ya sa jinya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre ke yi wa manya aiki.

Ni malamin harshe ne, iyakata kalma. Rafkanuwa na iya zuwa daga rashin barci, ƙarancin jini ko wani ciwon daban, likita ne zai tantance. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Barnawa, Kaduna, kuma ba sai wanda ya yi tsirara a kasuwa ke zuwa ba. In da hali ki tafi tare da maigidan, ya ji bayanin da kunnensa.