Furfurar da kake son ɓoyewa

Yarona, saƙonka ya iso ni nan Garwa, a ƙasar Kamaru. Wai ko al'adarmu ta yarda ka shafa wa furfurarka baƙin rini, don masu ɗaukar direba suna ƙin wanda ya manyanta. Na yi murmushi, amma daga baya jikina ya yi sanyi. Ɗan shekara 45 har ya fara jin kunyar gemunsa?

Kusan shekarunka nake a watan Janairun 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa. Faran ɗin Faransa da ake canzawa sefa 50 ya wayi gari 100, ga shi a 1993 an zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, masu sayen kayanmu ba su da ko sisi. Da safen nan kasuwa ta cika, amma ba ciniki. Kowa ya manna rediyo a kunne. Maƙwabcina a rumfa, mai sayar da atamfa, sa'ana ne, ya zauna kan dila ya riƙe kai yana cewa, "Na tsufa, ba zan iya sake farawa ba." Sai ga Baffa a kan kekensa, ya haura saba'in. Ya jingine keken, ya sa aka kawo shayi, ya tara mu ya ce kowa ya faɗi abin da ake binsa da baki, kada ya haɗiye. Kafin azahar mun ƙulla adashe. Maƙwabcin nan ya ƙi shiga. Ya daina fitowa, ya daina zaman majalisa, hawan jini ya kama shi bai je awo ba, don a ganinsa ciwon tsufa ne da ba shi da magani. Damina ba ta sauka ba ɓarin jikinsa ya shanye.

Baffa yakan ce shekaru ba sa kayar da namiji, zullumin cefane da ya kwana da shi shi kaɗai ne ke kayar da shi. Inna kuma kullum maganarta lafiya uwar jiki.

Ku 'yan yanzu kowa na rungume da waya, bashinsa a cikinsa, ɗan'uwa bai sani ba sai an kwantar da shi asibiti. Wannan yana damuna ƙwarai.

Batun rini, malamai sun halatta shafa lalle, da yawansu suna ƙyamar baƙin rini, ka tambayi limaminku. Ni dai ka fara zuwa a auna maka jini da suga, sannan ka zo ranar Juma'a mu zauna kan maganar bashin motar nan.